Hannu Ɗaya Ke Ba Mma Magani

A shekarar da mahaifiyarmu ta fara jiri, mu 'ya'yanta ne muka kusa kai ta kabari, kuma da ladabi da biyayya muka yi. Mma muke ce mata, kamar yadda kusan kowa a unguwarmu ta Nima ke kiran uwarsa. Ta haura saba'in, amma kafin wannan shekarar ba ta san zama ba. Koko da ƙosai ta sayar a bakin layinmu tun kafin a haife ni, kuma ko bayan mun raba ta da tukunya, ita ke tsayawa a kan mai damawa tana faɗa wai gasarar ta yi ruwa. Ciwonta ɗaya ne, hawan jini. Likita ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kowace safiya, ta yi shekara biyu tana sha da kanta lafiya lau. Da idonta ya fara hazo ba ta iya gane kwalin, sai maganin ya koma hannun 'ya'ya.

Mu uku ne. Akwai Yaya, babbanmu, mai shagon kayan mota, shi ke zaune a gidan da matarsa. Akwai yayata mace da ke aure a unguwar Madina can gefen gari, tana sayar da atamfa a kasuwar can, tana zuwa Nima kwana uku ko huɗu a mako. Sai ni auta, ina aure a Maamobi, ina aikin taimaka wa nas-nas a wani ƙaramin asibiti a Kokomlemle, a ɗakin da ake kwantar da tsofaffi. A gidanmu ba a ɗauki aikina a bakin komai ba. Idan baƙo ya tambaya, Yaya kan ce, "Tana dai shiga asibiti," kamar mai faɗin inda nake zuwa yawo.

Abin ya fara ne da Mma ta ce in ta miƙe ƙasa na juya mata. Ta koma yin salla a zaune. Daga nan ta faɗi a bakin famfo, goshinta ya fashe. Ta rage ci, ta rage magana, wanda duk ya san Mma ya san wannan ya fi faɗuwar ban tsoro. Mutanen layi suka ce tsufa ne. Dangi suka fara zuwa daga Kumasi suna gaisuwa ƙasa-ƙasa, suna fita suna share ido. Ita ma ta fara buɗe akwati tana raba zannuwanta. Ni da nake taƙama da aikin asibiti, ni ma tsufa na ce. Da yamma nake biyowa in na tashi aiki, in tsaya bakin ƙofa in ce, "Ta sha magani?" Kowa ya ce ta sha. Ba kuma ƙarya suke yi ba.

Abin da ke ba ni kunya har yau shi ne na san yadda ake yi. Babbar nas ɗinmu wata 'yar ƙabilar Ga ce, doguwa, Madam muke ce mata, makullin akwatin magani a ƙugunta yake kwana yake tashi. Ita ta koya mini cewa ba a ba mutum magani don ka san fuskarsa. Sai ya faɗi sunansa da bakinsa, ka duba takardarsa, ka karanta kwalin lokacin da ka ɗauko, ka sake karantawa lokacin da kake ɓallo ƙwayar cikin ɗan kofi, ka kuma karanta lokacin mayarwa. Ka zaunar da shi, ka ba shi ruwa, ka tsaya har ka ga ya haɗiye, sannan ka sa hannu. Wata rana na ajiye wa wani dattijo ƙwayarsa a kan tebur don yana banɗaki, na wuce gado na gaba. Madam ta ɗauko kofin ta biyo ni da shi har tsakiyar ɗaki, ta tambaye ni a gaban kowa ko tebur ne mara lafiyar. Na yi kuka a bayan gida ranar, na zage ta a zuciyata da duk yaren da na iya. Amma ban sake ba. Duk wannan ilimin, in na cire rigar aiki, a ƙofar asibiti nake barinsa.

Wata Talata ina hutu na zo da sassafe don in yi wa Mma wanka. Na tarar da matar Yaya durƙushe a gabanta da kofin koko. Matar Yaya 'yar Dagomba ce daga arewa, mai shiru, shekara goma sha wani abu tana gidan ba wanda ya taɓa jin muryarta ta ɗaga. Ta ɓallo ƙwaya daga wani farin kwali ta ba Mma, Mma ta haɗiye ta sa mata albarka. Na ce madalla, na tafi ɗora ruwa.

Wajen ƙarfe takwas ina wanki a tsakar gida na hango Yaya ta taga, ya shirya zai tafi shago. Ya durƙusa, ya sa hannu a aljihu, ya miƙa wa Mma wani abu a baki. Na ji tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, Allah ya buɗa kasuwa." Na ɗauka dabino ne, don yakan kawo mata. Na ci gaba da wankina.

Da hantsi sai ga yayata daga Madina, da ƙamshin turarenta da ledar lemo. Ta gaida Mma, ta zauna bakin gado, ta buɗe jaka ta fito da wani kwali mai ruwan ɗorawa. Ta yi bismilla ta ɓallo ƙwaya. Mma ta buɗe baki. Ban san lokacin da na tsallake bokiti na kama wuyan hannunta ba, da kumfar sabulu da komai.

"Ke! Lafiyarki?" in ji yayata.

"Mene ne wannan?"

"Maganin hawan jininta mana. Ni nake ba ta duk ranar da na zo. Kin ga na taɓa fashi?"

Na karɓi kwalin. Na ce matar Yaya ta kawo nata. Na buga wa Yaya waya na tambaye shi abin da ya ba Mma da safe, ya ce cikin jin daɗi ai maganinta ne, kwalin ma yana aljihunsa, ba ya fita sai ya ba ta. Na ce ya karanto mini ƙananan haruffan da ke ƙasan babban suna. Ya karanto. Na duba fari, na duba mai ruwan ɗorawa. Kwali uku, launi uku, kanti uku, amma magani ɗaya ne, ƙarfi ɗaya. Kowa da kuɗinsa yake saye, kowa a ɓoye yake neman ladansa, ba wanda ya taɓa gaya wa wani. Ƙwayar da aka ce ɗaya a rana, Mma biyu take sha kullum, ranar da 'yar Madina ta zo kuma uku.

Ina da abin awon jini a jakata, irin wanda ake naɗawa a damtse ya hura kansa. Na naɗa mata. Lambar da ta fito, da a wurin aiki ne da tuni an ruga kiran likita. Na durƙusa na ce, "Mma, ba ki san sau nawa kike sha ba?"

Ta kalle ni da idon nan nata mai hazo ta ce, "Na sani mana. Ni yarinya ce?"

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ɗa ya durƙusa ya miƙo maki abu da bismilla, ki ce masa kin ƙoshi? Wa zan mayar wa hannu a cikinku? In na karɓi na wannan na ƙi na wancan, ya fita ba albarka kenan."

Na miƙe na ɗauko mata mayafi. Na fita na tsayar da tasi, muka tallafe ta ni da matar Yaya muka kai ta wurin likitanta da kwalayen biyu a hannuna. Ya saurare ni bai katse ni ba. Ya auna ta a kwance, ya auna ta a zaune, ya sa aka ɗebi jini don a duba ƙoda. Ya ce a dakatar da maganin na 'yan kwanaki, a riƙa auna ta safe da yamma ana gaya masa, in jinin ya dawo sai a koma ƙwaya ɗaya. Da za mu fita ya ce, "Wa ke ba ta magani a gida?" Na ce kowa. Ya cire tabarau ya murza ido.

Washegari bayan la'asar na tara su a tsakar gida. Na zo da ɗan akwatin ƙarfe da kwaɗo, da wata 'yar roba mai gida bakwai, kowane gida da murfinsa, ɗaya na kowace rana. Na ajiye a kan tabarma na ce kowa ya fito da kwalinsa. Daga yau magani a akwatin nan yake kwana, makulli ɗaya ne, kuma hannu ɗaya ne zai riƙa kai wa Mma ƙwaya baki.

Yaya ya gyara zaman hularsa. Auta ta tara shi taro a gidan ubansa, wannan ma kaɗai ya isa laifi. Ya ce, "To, dokta, mun ji. Kuskure ne, an gane, za mu riƙa tambayar juna. Hannu da yawa ai maganin ƙazamar miya."

Na ce, "Wannan ba miya ba ce, Yaya. Tambayar juna ita muke yi wata uku. Kullum ina tambaya ta sha, kuna cewa ta sha."

Yayata ta tafa hannu ta ce, "Ei! Ni na gane. So take ta kwashe albarkar Mma ita kaɗai. Don kina sa farar riga sai ki raba mu da uwarmu? Aljanna fa tana ƙarƙashin ƙafar uwa."

A nan ne bakina ya kuɓuce, kuma ban ce na yi daidai ba. Na ce, "Ƙarƙashin ƙafarta aka ce, ba cikin bakinta ba. Mai son albarka ga ƙafar nan ta kumbura, ya nemo man kaɗanya ya murza. Kun kusa kashe tsohuwa kuna jiran ta ce maku sannu." Yayata ta fashe da kuka. Yaya ya miƙe ya nuna mini ƙofa ya ce in na gama rashin kunyar in kama hanyar Maamobi. Mma na ciki tana jin komai.

Ban tafi ba. Na ɗauki makullin na tsallake su biyun na je bakin murhu inda matar Yaya ke tuƙa tuwo, ta yi kamar ba ta jin mu. Na sa mata a tafin hannu. Na ce, "Ni ba nan nake kwana ba, wani makon ma aikin safe gare ni. Yaya yana tafiya Tema sayen kaya. Ke ta Madina yau kina nan gobe ba kya nan. Mutum ɗaya ne rana ba ta fitowa ba ta gan shi a ɗakin Mma ba, ga ta nan."

Yaya da yayata suka dubi juna. Sun shirya faɗa da ni a kan na ƙwace, ba su shirya wa wannan ba. Yayata ta share hawaye ta ce a hankali, wai 'ya'ya uku na raye a ba suruka? Matar Yaya ta miƙo mini makullin da hannu biyu ta ce, "Ni ban yi sukuul ba kuraa, ko aji ɗaya ban shiga ba. In na ɓata, Mma ya mutu a hannuna, ina zan shiga?" Hausarta haka take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Na ce mata masu sukuul ɗin ne suka ɓata. Na naɗe mata yatsu a kan makullin. Yaya ya dubi matarsa, ya dube ni, ya sa takalmi ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba. A gidanmu wannan shi ne amincewa.

Da likita ya ce a koma ƙwaya ɗaya, mako guda na yi ina zuwa kowace safiya kafin in wuce aiki. Haruffan da ke kan murafun robar na boko ne, ba ta gane su, sai muka ɗiga jan farce a kan murfin Juma'a, daga nan take ƙirgawa. Ranar Lahadi nake cika gidajen bakwai tana kallo, in karanta kwalin da ƙarfi. Na koya mata ta wanke hannu ta goge, ta zaunar da Mma ta jingina, ta ba ta ruwa cikakken kofi ba kurɓi ɗaya ba, ta tsaya sai ta ga maƙogwaro ya motsa. Gidan yau in babu komai a ciki, an riga an sha, ko wa ya rantse ba a sha ba. Ƙwaya in ta faɗi ƙasa ta tafi kenan, ba a hure ta a bayar. In Mma ta yi amai kada a sake ba ta, a kira ni. In an manta jiya ba a haɗa biyu yau. In an gama a rufe akwati, don jikoki sun cika gidan kuma duk abin da ke cikin leda alewa ne a wurinsu. Na koya mata naɗa abin awon jinin, tana ɗaukar hoton lambar da waya tana turo mini.

Sau ɗaya nake faɗa mata abu. Na horar da 'yan mata masu takardar makaranta a wurin aiki da ba su kai ta kiyayewa ba. Makullin ta ɗaure shi a bakin zani inda mata ke ƙulle kuɗin cefane, ko wanka za ta shiga da shi take shiga.

Sauran kuwa, da farko fushi suka yi ta yi. Yayata ta yi kwana goma ba ta ɗauki wayata ba. Amma wata safiya na shigo na tarar da Yaya, babban mutum da gemunsa, zaune a ƙasa ya naɗe hannun riga, ƙafar Mma a kan cinyarsa yana murza mata man kaɗanya, tana ce masa ya yi a hankali ba tayar mota ba ce. Da ya gan ni ya haɗe rai, ni ma na kawar da kai kamar ban gani ba. Yayata ta dawo ta ɗauki kitso da yanke farce. Albarka dai ba ta ƙare ba, Mma ta ci gaba da rabawa har da ta ƙari.

Sati uku Mma ta daina cewa ƙasa na juyawa. Ta fara neman tuwo da miyar ayoyo. Ranar da na ji muryarta tun daga bakin layi tana faɗa da mai damun koko, na tsaya na jingina da bango na yi dariya har da hawaye. Daga baya ta aika a gaya wa waɗanda ta ba zannuwa cewa biyu daga ciki aro ne.

Wajen wata na huɗu, wata safiyar Asabar, na zo da wuri na tarar matar Yaya tana fama da wankan yara, ruwa ya ɗauke, gida ya rikice. Mma na zaune bakin gado ta sha kokonta tana jira. Na wanke hannu na je na ce, "Kawo makullin in ba ta, ki ji da yaran."

Ta ɗago da soso a hannu ta ce, "A'a."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Ni ce fa."

"Na sani. Kai ka ce hannu ɗaya. Yau in na ba ka, gobe Alhaji yayanka ya ce shi ma, jibi na Madina ya ce shi ma. Ka zauna, yanzu zan zo."

Wanzami ba ya son jarfa. Na ji abin har tsakiyar kaina. Ni da na kawo akwatin, ni da na sayi kwaɗon, ni da nake ba mutum ashirin magani kafin azahar, a hana ni ba uwata ƙwaya ɗaya? Na zauna a kan turmi ina huci. A nan ne na gane ba taimako ya kai ni ba. So nake in durƙusa ni ma, Mma ta karɓa daga hannuna, in ji ta ambace ni. Cutar da na zagi 'yan uwana a kanta tana jikina daram. Matar Yaya ta gama, ta wanke hannu ta goge, ta kwance bakin zani, ta ƙirga daga jan murfi, ta ba Mma, ta tsaya har ta haɗiye, ta rufe akwati. Ko Madam ce ke tsaye a wurin ba za ta sami abin gyarawa ba. Haushina ya tafi, wani irin alfahari ya cika mini ƙirji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da aka ba ni takardar aiki.

Da zan tafi Mma ta ce in miƙo mata mayafi. Na ce ina za ta? Ta ce raka ni za ta yi. Na kai hannu zan riƙe ta, ta doke hannun. Ta fita da ƙafarta, ta bi lungun nan namu mai duwatsu, ta taka katakon da ke kan kwata ba ta ko duba ƙasa ba, tana amsa gaisuwa hagu da dama. Masu shago suna leƙowa, wata tsohuwar ƙawarta ta saki tsintsiya ta yi salati. Ni ina bayanta taku ɗaya, hannuwana a buɗe, ba ta buƙace su ba har bakin titi.

Trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ya tsaya ana kiran Maamobi. Na sa ƙafa zan shiga, ta kama gefen mayafina ta juyo da ni, ta ɗora tafinta a kaina a gaban fasinjoji da masu talla. Da muryarta ta da, wadda ake ji har ƙarshen layi, ta ce, "Duk cikinsu ke kaɗai kika iya hana ni abu. Allah ya ba ki mai hana ki ranar da kika tsufa."

Direba ya yi ta danna hon. Mma ta ce masa ya jira, ba ta gama ba.